Arzika Wanzami da Injin Girgiza Kankare

Duk wanda ya yi wayo a Magama kafin shekarar fari ya san Arzika Wanzami, domin da wuya a sami kan namijin da askarsa ba ta bi ba a garin. Gado ya yi. Ubansa wanzami ne, kakansa ma haka, kuma tun bai yi aure ba aka miƙa masa zabira da ƙaho, tare da gidajen da zuriyarsu ta saba yi wa aiki, daga Magama zuwa ƙauyukan Bugaje, har da wasu 'yan gidaje a ƙetaren iyaka. Dogo ne siriri, ba ya son hayaniya. Abin da aka fi saninsa da shi kuwa sauƙin hannu. Tsofaffi kan yi gyangyaɗi yana yi musu aski, sai ya taɓa kafaɗarsu su farka, su shafa kai su ji shi tas. Iyaye mata ba su yarda kowa ya cire wa jariransu beli in ba shi ba.

A wancan zamani ba a biyan wanzami ranar da ya yi aiki. Sai kaka ta yi, kowane gida ya aiko masa da damin gero ko na dawa, ranar suna kuma a fitar masa da kasonsa na nama. Da wannan, da 'yar gonarsa ta bayan gari, yake riƙe da matarsa Salmatu da 'yarsu Barira, wadda ita kaɗai ta rayu cikin haihuwa biyar.

Sai damina ta ƙi a 1972, ta sake ƙi a 1973. Gero ya fito ya kai gwiwa, ya bushe a tsaye. Gidajen da suke aiko masa da dami su kansu suka koma cin dusa da ganye. Kullum sai ka ga mutane suna gangarowa ta hanyar Maraɗi da 'yan komatsansu a ka, dabbobinsu sun ƙare. Arzika bai fasa zagayensa ba. Yakan yi aski, ya yi ƙaho, maigida ya sunkuyar da kai ya ce, "Wanzam, sai haƙuri, ka ga yadda shekara ta zo." Shi kuma ya ce ba komai, ya rataya zabira ya koma gida hannu wofi. Wata rana ya tarar da Salmatu ta ɗora tukunya, ya leƙa ya ga ruwa ne zalla ke tafasa. Ta ce ba ta son maƙwabta su ga gidan ya wuni babu hayaƙi.

Abin mamakin waɗannan shekaru shi ne, ƙauye yana yunwa, titi yana ƙoshi. Kuɗin man fetur sun shigo ƙasa. Manyan motoci sun yi layi a bakin iyaka, wasu na jiran takardar fita, wasu sun baro duwan, wato kwastan ɗin Nijar. A nan ne wani ɗan kwangila ya sauka da mutanensa, zai gina wa 'yan kasuwa katafaren sito mai hawa biyu, jifa kaɗan daga inda ake tsayar da motoci. Aka ce ana neman leburori. Arzika, da shekara arba'in da 'yan kai, ya rataye zabirarsa a ƙusa, ya je ya karɓi kwano ya shiga layin masu jidar kankare.

Shugaban leburorin wani Kirista ne mutumin kudancin Zariya, sunansa Yakubu, gajere kakkaura, ya daɗe yana aikin gini a Kaduna da Jos. Wata Asabar ya ji ana kiran wani lebura da "Wanzam", sai ya ce ya biyo shi masauki ya gyara masa fuska, gobe zai je coci. Arzika ya je ya ɗauko aska ya yi masa. Yakubu ya daɗe yana shafa haɓarsa.

"Malam Arzika," ya ce, "wannan hannun naka bai kamata ya ƙare a ɗaukar kwano ba. Ranar Litinin ka same ni, akwai abin da zan nuna maka."

Abin da ya nuna masa wani ƙaramin inji ne mai shan fetur, da doguwar mesa mai kauri, a bakinta akwai ƙarfe kamar guntun taɓarya. Da aka tayar da shi sai ƙarfen ya kama kyarma, yana wani irin kuka mai shiga har cikin haƙori.

"Kankare ba ya kwanciya da kansa," in ji Yakubu, yana ɗaga murya. "In ka zuba shi cikin akwatin katako, tsakuwa takan maƙale tsakanin rodi, iska ta ɓuya a ciki. Ranar da aka cire katako sai ka ga ginshiƙi duk ramuka kamar saƙar zuma. Dā mutum shida nake sa wa su yi ta zungura da rodi, suna bugun katako da guduma, duk da haka sai an sami rami. Wannan shi kaɗai ya fi su. Amma yana son mai haƙuri. In ka zare shi da wuri, rami. In ka bar shi ya daɗe, tsakuwa ta nutse ƙasa, ruwan siminti ya taso sama. Sai wanda yake jin abu a hannunsa."

Cikin sati biyu Arzika ya ƙware. Yakan tura ƙarfen a hankali, ya jira, ya ji ta cikin mesa lokacin da kankaren ya saki jiki, sannan ya zare shi sannu yadda ramin zai rufe kansa. Ginshiƙan da ya yi suka riƙa fitowa sumul, har birkiloli suna tsayawa su shafa. Yakubu ya hana kowa taɓa injin. Abinci ya dawo gidan Arzika. Ya yi wa Salmatu zane, ya canza rufin ɗaki, kuma da Barira ta kawo wani tela ɗan Jibiya ta ce shi take so, ya yi mata aure ba tare da ya roƙi kowa ba. A wannan lokacin in ka gamu da shi da yamma, siminti har gira, za ka ga mutum mai jin kansa.

Aiki kuwa bai yanke ba. Da aka gama sito aka shiga kwalbatocin hanya, daga nan tankin ruwa, sannan 'yan kasuwa suka ce a ƙara musu sito na biyu. Ranar zubi, daga hantsi har faɗuwar rana mesa na hannun Arzika, domin in aka fara kwaɓi ba a tsayawa, kuma ba shi da mai canjinsa.

A shekara ta biyu ya fara jin yatsunsa suna zuga bayan an tashi aiki, kamar tururuwa na yawo a ciki. Ya ɗauka gajiya ce. Daga baya zugin ya daina tafiya. Da sanyin safiya, in ya zuba ruwan alwala, kan yatsun sai su koɗe su yi fari kamar ba jini, in jinin ya dawo kuma ya zo da raɗaɗin da kan sa shi cije leɓe. Kunnuwansa suka kama ƙara. Ya fara cewa "Na'am?" sau biyu kafin ya gane magana. Ya riƙa naɗe hannu da tsumma, ya ce wa abokan aiki siminti ne ke cin fatarsa.

Salmatu ce ta gano. Wata safiya tana dama kunu, ya zo ya ɗauke mata murfin tukunyar ƙarfe daga kan wuta, ya tsaya riƙe da shi yana yi mata magana.

"Malam! Saki!" ta yi ƙara, ta buge murfin ya faɗi.

Ya duba yatsunsa. Sun tashi, fata ta yi fari. Bai ji komai ba.

"Tun yaushe?" ta tambaye shi.

"Tun bara."

"Ka bar aikin ga, don Allah. Ruwa ya dawo, mutane sun yi noma. Ka koma ga askarka."

"Bari a gama wanga sito," ya ce. "Daga shi na bari."

Bai gaya mata cewa ya riga ya gwada ba. Ranar wata Juma'a da ba kowa a gida ya sauke zabira, ya ɗauki aska, ya ji kamar da hannun wani ya riƙe ta. Ya mayar ya rataye.

Wata rana ana hutun azahar, suna zaune a inuwar wata babbar mota, ya ce wa Yakubu, kamar da wasa, "Malam Yakubu, wai Turawan da sunka ƙera injin ga, ba su iya yin kankaren da zai kwanta da kanshi ba? A zuba kawai, ya bi ko'ina, ba sai an girgiza ba?"

Yakubu ya yi dariya. "Da akwai shi da ni zan fara saye. Hanya ɗaya na sani, ka cika masa ruwa ya zama kunu. Zai shiga kowane lungu, ba ruwanka da inji. Amma fa kunu ka zuba, ba kankare ba, wata rana kuma ya sauko a kan mutane. Wanda kake faɗa, wataƙila jikokinmu su gani."

Arzika ya yi murmushi, ya tura hannuwansa cikin hammata.

A farkon 1977, cikin tsananin sanyi, aka sa ranar zuba ginshiƙai goma sha biyu da za su ɗauki hawan sama a sito na biyu. Da safen Yakubu ya tafi Katsina neman motar siminti da ta maƙale, ya bar aikin a hannun Arzika. Tun ginshiƙi na biyar yatsunsa suka ƙi rufuwa. Ya ɗaure mesa a wuyan hannunsa da tsumma ya ci gaba. A ƙarshen na takwas, ciwon ya hau har kafaɗa, mesa ta suɓuce, ƙarfen ya faɗa kan katako yana tsalle. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Masu kwano sun yi layi a kan tsani da kaya a ka, suna kallonsa. Kankaren da aka kwaɓa ba ya jiran kowa.

Ya sauka ya sami Ahmadu, mai kula da injin kwaɓi.

"Ƙara ruwa," ya ce masa a hankali.

"Malam Yakubu ya hana, Wanzam. Ka hi ni sani."

"Ni na ce. In anka tambaya, ka ce ni na sa ka."

Ahmadu ya dube shi, ya dubi hannuwansa, ya ɗauki bokiti.

Arzika ya koma sama, ya bar injin yana kuka a gefe don na ƙasa su ji kamar ana aiki. Aka fara juye kwanuka. Kankaren ya riƙa gangarawa tsakanin rodi shi kaɗai, ya cika akwati har baki, ya kwanta lif. Ginshiƙi huɗu aka cika kafin la'asar, ba wanda ya zungura ko sau ɗaya. Arzika na zaune a kan bulo yana kallo. Daga baya ya gaya wa Salmatu cewa abin da ya fi ba shi kunya shi ne daɗin da ya ji a wannan zaman, irin daɗin da ya shekara biyu bai ji ba.

Kwanakin da suka biyo baya bai sami sukuni ba. Sau uku yana tunkarar Yakubu zai faɗa masa, sai ya ƙare da tambayar wani abu daban. Da aka cire katako, ginshiƙan huɗu suka fito ba rami a sama-sama, sai dai launinsu ya fi na sauran haske. Arzika ya fara sa rai za a wuce. Amma injiniyan da ke zuwa duba aiki daga Kaduna yana yawo da 'yar guduma. Ya bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Takwas suka amsa da ƙara mai kyau. Na tara ya amsa kamar an bugi buhun gari. Ya ƙara bugu, saman ya ɓare ya zubo kamar busasshen tuwo. Ya durƙusa ya bugi gindin, tsakuwa ta warwatso, ba abin da ya riƙe ta.

"Wa ya kwaɓa wannan?" ya daka tsawa.

Aka turo Ahmadu gaba. Kafin ya buɗe baki Arzika ya fito.

"Ranka ya daɗe, ba laihin Ahmadu ba ne. Ni na sa shi ya ƙara ruwa. Hannuna ne ya ƙi."

Ya miƙa hannuwan. Injiniyan bai dube su ba.

"Ka san yawan buhunan da za a jibge a kan benen nan? Ka san mutum nawa za su riƙa wuni a ƙarƙashinsa?"

Arzika ya sani. Wasunsu ma shi ya yi musu askin suna. Ya sunkuyar da kai, domin bai ga ƙarya a maganar mutumin ba. Aka ce a rushe ginshiƙan huɗu, shi kuma kada a sake ganinsa a wurin.

Yakubu ya raka shi har bakin titi. Suka tsaya, motoci na wucewa.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba, Malam Arzika?"

"Da na hwaɗi, da ka amshe injin."

"Da na karɓe."

"To."

Yakubu ya kawar da fuska. Bayan kwana biyu ya zo da kansa ya sa shi a motar yashi, ya kai shi asibiti a Katsina. Likita ya ce ya rufe ido, ya riƙa tsira masa allura a kan yatsu yana tambaya ko ya ji. Cikin goma, biyu ya ji. Likitan ya ce jijiyoyin sun lalace, ya kiyayi sanyi, kada ya sake riƙe irin wannan inji. Arzika ya tambaya ko za su dawo. Likitan ya ce sai dai a yi addu'a kada su ƙaru. A gida aka gwada abin da aka sani, man shanu, turare, rubutu, har wani mai da aka kawo daga Maraɗi aka ce na jimina ne. Salmatu ta yi ta murza masa safe da yamma. Hannun ya yi laushi, ya yi sheƙi, amma bai farka ba.

Akwai wani tsoho, Malam Mahmudu, abokin mahaifin Arzika, wanda tun da Arzika ya tafi aikin gini yake ƙorafin masu yi masa aski. Da ya ji ya dawo gida, ya aika a kira shi. Arzika ya so ya ba da uzuri, tsohon ya ce ba ya son jin komai. Da hantsi ya je, suka zauna a zaure. Ya jiƙa kan, ya wasa aska, ya fara. Tun da hannun ba ya gaya masa komai, sai ya dogara da ido, ya matso da fuskarsa dab da kan tsohon. Rabin kai ya tafi lafiya. Da ya zagayo bayan kunne, inda ba ya gani sosai, sai kawai ya ga jini yana bin wuyan tsohon yana sauka kan farar rigarsa. Bai san lokacin da askar ta shiga ba.

Malam Mahmudu ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Ba komi, Wanzam, ni na motsa. Ci gaba."

Arzika ya danne wurin da tsumma har jinin ya tsaya. Ya duba askar, ya duba sauran rabin kan.

"Baba, ka gahwarce ni. Ba ni iyawa."

Tsohon ya ɗauki hularsa ya kifa a kan rabin aski. Bai taɓa gaya wa kowa ba har ya bar duniya. Arzika ne da kansa ya bi gidajen da ya gada, ɗaya bayan ɗaya, ya ce su nemi wani.

A ƙarshen shekarar Barira ta dawo gida haihuwar fari, ta sami ɗa namiji. Kwana uku da haihuwa, lokacin cire beli, ta sa Salmatu ta kira shi ɗaki.

"Baba, ni dai kai nike so ka yi mashi. Ko a hankali ne."

Ta miƙo jaririn. Arzika ya karɓa, ya ɗora tafin hannunsa a kan ɗan. Yana ganin gashin, yana ganin maɗigar tana bugawa, amma da a ce idonsa a rufe yake, ba zai iya cewa kan jariri ne ko ƙwarya ba. Ya daɗe a haka. Sannan ya mayar mata da shi.

"A kira Ummaru na Bugaje," ya ce.

Ummaru wanzami ne da kowa ya san hannunsa da nauyi, Arzika kansa ya sha gyara aikinsa a dā. Ya zo da rana ya shiga. Arzika ya zauna a ƙofar gida. Kukan jaririn bai iso kunnensa ba sai kaɗan-kaɗan, kamar daga wata unguwa. A fuskar Salmatu, da ta fito zubar da ruwa, ya gane an daɗe ana yi. Yaron ya warke. Ranar suna aka fitar da kason wanzami aka ba Ummaru, a gidan Arzika, yana zaune.

Noma ma ya gagare shi, domin fartanya takan fice daga hannunsa. Abin da ya rage masa wuya da ƙafa. Sai ya koma bakin iyaka ya shiga cikin 'yan dako, masu sauke kaya daga wata mota zuwa wata. Mutum biyu za su ɗaga buhu su aza masa a ka, ya tafi da shi yana tallafe da gefen hannu, a can wasu su sauke. Direbobin da ba su san shi ba suna kiransa Kurma. Wani lokaci kayan cikin siton nan biyu ake kai su, ya shiga ya fito bai ɗaga kai ba.

A 1978 Yakubu ya sake dawowa Magama tare da wani ɗan kwangilar, za su gina jerin shaguna. Ya nemi Arzika ya same shi zaune a gindin wata mota yana jiran kaya. Suka gaisa. Yakubu ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, kuma sai da ya maimaita da ƙarfi.

"Na sami wanda zai riƙe injin, amma bai iya ba. Ni kuma ba ni da lokacin tsayawa a kansa. Ka zo ka koya masa, kwana goma. Ba za ka taɓa mesa ba, baki kawai. Na yi magana za a sallame ka da kyau."

Arzika ya ce zai yi tunani. Da ya koma gida ya tarar da Salmatu tana kwance, zazzaɓi ya kwana uku yana kayar da ita, ba a sayi magani ba. Washegari ya je.

Mutumin sunansa Bawa, daga wani ƙauye a yankin Kusa, magidanci ne ƙaƙƙarfa mai kamar shekara talatin da biyar. Kafin a tayar da inji Arzika ya ja shi bayan tarin yashi. Ya sa shi ya tsinko masa ƙayar aduwa. Arzika ya riƙe ta da haƙori, ya danna ɗan yatsansa a kai har ta shige, jini ya fito. Fuskarsa ba ta canza ba.

"Ka gani? Shekara ukku kawai na yi da shi. Ni wanzami ne dā. Yanzu ko maɓallin riga matata ke sa mani. In kana da wata hanya, bi ta."

Bawa ya daɗe yana kallon yatsan.

"Na gani, Baba," ya ce. "Ina da mata da ɗiya huɗu, ga na wana da ya rasu, su ukku, duk suna wuyana. Gonar ba ta kai mu rani. In na bar wanga, wa zai ba ni wani?"

Arzika ya cire ƙayar ya yar, suka koma.

Ya koya masa duk abin da ya sani. Yadda ake tura ƙarfen a tsaye, yadda ake kauce wa rodi, yadda ake gane kankare ya ƙoshi in kumfa ta daina tasowa. Ya ce masa kada ya damƙe mesa da ƙarfi, ya riƙa sauya hannu, ya riƙa ɗumama yatsu da safe. Ya roƙi Yakubu a sami mutum na biyu su riƙa karɓa-karɓa. Yakubu ya kai maganar gaba, aka ce masa inji ɗaya, mutum ɗaya.

Bawa yana da kai. A rana ta tara aka cire katakon ginshiƙan da ya fara yi shi kaɗai, suka fito ba rami ko ɗaya. Leburori suka yi ta yaba masa, shi kuma yana dariya, ya juyo yana neman Arzika da ido.

"Baba, ya yi?"

"Ya yi," in ji Arzika. "Ka iya."

Bai jira rana ta goma ba. Ya karɓi sallamarsa ya sayi maganin Salmatu, ya koma wurin 'yan dako.

Bai ƙara cika shekara biyu ba. Cikin daminar 1979 ruwa ya doke shi yana ɗauke da kaya, ya kwanta da ciwon ƙirji, kwana tara ya cika. Mutane sun taru sosai wajen jana'izarsa, har daga ƙetaren iyaka. Da Salmatu ta fita takaba, Barira ta zo ta tafi da ita Jibiya, aka rufe gidan. Yakubu ya aiko da gaisuwa daga Gusau, inda aiki ya kai su. Bawa ma can ya bi su da injin, kuma daga nan ba mu sake jin labarinsa ba.